Jan wayin na ƙananan gonakin Italiya: wanne za ka buɗe yau, wanne za ka ajiye?

Wannan bayani na masu aikin otal ne da masu sha, wanda ba ruwansa da giya sai ya wuce abinsa. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya kashe kuɗi ya sayi jan wayin da ake kira Barolo sabo fil ya buɗe a daren, sai ya ji bauri ya kama masa harshe kamar ya tauna ɗanyen goro, ya ce an cuce shi. Gaggawa ce kawai ya yi.

Barolo daga yankin Piemonte na Italiya yake, da inabin Nebbiolo ake yinsa, doka ma ba ta yarda a fitar da shi kasuwa ba sai ya yi wata 38, 18 daga ciki a gangar katako, Riserva kuma, wato wanda aka fi daɗewa ana ajiye shi kafin a fitar, wata 62, amma duk da haka in ƙaramar gona ce mai bin tsohon salo na manyan ganguna to ka ba shi shekara 10 daga shekarar da ke jikin kwalbar kafin baurin ya kwanta, jan ya fara komawa kalar bulo, ƙamshin busasshen fure ya taso. Barbaresco inabinsu ɗaya, wata 26 yake yi, ya fi saurin laushi, shekara 6 zuwa 8 ya isa.

A yankin Toscana kuma Brunello di Montalcino ne babban yaya, inabin Sangiovese zalla, ba ya fita sai Janairun shekara ta biyar bayan girbi. Shi ma haƙuri yake so. Chianti Classico na yau da kullum kam sha shi cikin shekara 3 zuwa 5, Riserva mai wata 24 ya fi jure ajiya.

To in yau kake so fa? Nan ne daɗin ƙananan gonaki, kusan kowacce tana da ƙanen babban wayin ɗinta, hannu ɗaya ya yi su, kuɗin kuma ya fi sauƙi sosai. Mai Barolo yana da Langhe Nebbiolo da Dolcetto, mai Brunello yana da Rosso di Montalcino. Ni dai a ganina Rosso na gona mai kyau ya fi Brunello mai araha na babban kamfani. Dolcetto kuwa kar ka ajiye shi, bayan shekara 3 sai baya.

Sai maganar ajiya. Kwalba a kwance take so, cikin duhu, sanyi wajen digiri 12 zuwa 14. In Abuja ko Jos za ka kai ta ka ɗora saman kabad kusa da taga, zafin Maris kaɗai zai dafa ta, ka tarar da toshin ya ɗan turo waje ya jiƙe. In ba ka da firjin wayin da tsayayyiyar wuta, sayi Rosso ɗin ko Langhe Nebbiolo ka bar Barolo a shago.