Haɗa man leɓe a gida: me za ki saya, kuma yaya za ki gane gangariya

Duk wadda ta yi hunturu a Jos ta san yadda iskar Disamba da Janairu ke yi wa leɓe. Garin yana kan tudu sama da mita 1,200, ga sanyin safe, ga iska a bushe, kuma fatar leɓe ba ta fitar da maiƙo kamar sauran fatar fuska. Shi ya sa take saurin tsagewa, lasar da muke yi kuwa ƙara busar da ita take. Idan kin yi niyyar haɗa naki man leɓen, abu uku ne kawai za ki nema: mai mai daskarewa, kakin da zai riƙe shi, da ɗan mai na ruwa da zai sa ya yi santsi.

A wajen mai mai daskarewa, ni dai man kaɗanya ne nawa, kuma ban ga na biyunsa ba. Namu ne na gida, daga jihohin Neja da Kwara da Kebbi ake kawo mafi yawansa, kuma darajarsa ta kai har a watan Agusta na 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida don a riƙa sarrafa shi a nan. Abin da ya sa ya dace da leɓe shi ne ɗumin jiki kaɗai ke narkar da shi. Yana zaune daskare a gwangwani, amma da ya taɓa leɓe sai ya saki, ya kwanta, ya daɗe bai gudu ba. Ki shafa da daddare, da asuba za ki ji leɓen da laushi. Yana kuma jure ajiya, ya yi shekara bai sauya ba in an rufe shi an kauce wa rana. Ki nemi wanda ba a tace shi a masana'anta ba, mai launin madara da ɗan ƙanshin hayaƙi. Wasu ba sa son ƙanshin, amma idan ya haɗu da kakin zuma yana lafawa sosai. Aibinsa ɗaya ne: in ya narke ya huce a hankali sai ya yi garas-garas a leɓe. Maganin wannan ki narkar da shi sarai, ki zuba, ki sa a firji nan take.

Man koko, wato na kokon da ake yin cakulan da shi, na da kyau, amma ga tsada ga tauri, kuma yawancin abin da ke cikin robobin shago man shafawa ne da aka sa wa ƙanshinsa. Man kwakwa yana narkewa da zarar zafi ya kai digiri 24, don haka a Jos da safe ya daskare, da rana ya zama ruwa a jaka. Man shanu kuwa ki bar shi a tuwo, saurin tsami gare shi.

Na ruwa ba sai kin wahala ba. Man zaitun ko man riɗi ya wadatar, in kina son sheƙi ki ɗiga man zurma kaɗan.

Kaki shi ne inda aka cuce ni, don haka a nan zan tsaya. Na taɓa sayen dunƙule mai ruwan ɗorawa a hannun wani mai tebur, ya rantse mini kakin zuma ne tsantsa. Da na haɗa, man ya ƙi kama leɓe, yana zamewa yana barin farin shafi, yarinyata ta ce, "Mama, warin kyandir yake." Ashe kakin kyandir ne aka narka aka sa masa kala. Wannan algus ya yi yawa, domin kakin kyandir daga man fetur ake samunsa kuma yana da araha. Kafin ki biya, ki shinshina: na gaskiya yana ƙanshin zuma ko da kaɗan ne. Ki ɓalli gefensa, cikin zai fito da ɗan kaushi a ido, ba sumul mai ƙyalli ba. Ki murza ɗan gutsure tsakanin yatsu har ya yi ɗumi. Kakin zuma zai yi laushi ya lanƙwasu da ɗan danƙo, na kyandir sai ya ruguje ya bar santsi. Mai sayarwar da ya hana ki ɓalla ko shinshinawa, ki yi masa sallama ki wuce. Mafi kwanciyar hankali shi ne ki sayi saƙar zuma a wurin masu tatsa, ki narkar da ita da ruwan zafi, ki tace da ƙyalle mai tsabta, in ya huce kakin zai daskare a saman ruwa ki ɗauke abinki.

Shi ma man kaɗanyar bai tsira ba. A kasuwar Taminus ko Katako ko Bukuru za ki ga kala-kala, akwai na kirki, akwai wanda aka cuɗa da ruwa ko gari ko wani mai mai araha don ya yi auki. Ki ce wa mai sayarwa, "Baba, a ba ni in taɓa," ki shafa a bayan hannu. Gangariya zai narke tas ya shige, ba zai bar dusa ba. In kin isa gida ki sa cokali ɗaya a kofin gilashi, ki tsoma kofin a ruwan zafi. Na gaskiya zai zama mai garau da ɗan laka kaɗan, mai algus kuwa za ki ga ruwa ko farin gari ya kwanta a ƙasa. Mai launin ɗorawa sosai yawanci rina shi aka yi, wani da saiwar itace, wani da manja. Wanda ke warin tsami ya tsufa, kada arha ta ja ki. Ki fara da ƙaramin ƙulli, sai kin gamsu da mai sayarwa ki koma da kwano.

Kada ki zuba zuma a haɗin farko. Akwai ruwa a cikinta, ba ta haɗuwa da mai, za ta taru a gindin gwangwani. Man kirfa da na na'a-na'a da kafur suna sa leɓe raɗaɗi, a kan leɓen da ya riga ya tsage kuwa sai su ƙara ɓata shi. Kalar da ake sayarwa a ƙulli ba suna ba lambar NAFDAC, kada ta kusanci bakinki, don abin da ke leɓe ciki yake tafiya.

Awon farawa mai sauƙi ne: cokali 1 na kaki, cokali 1 na man kaɗanya, cokali 2 na mai na ruwa. Ki sa a kwano, ki ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi, kada ya hau wuta kai tsaye. Kakin zuma sai zafi ya haura digiri 60 yake narkewa, don haka shi za ki fara sawa, man kaɗanya ya zo ƙarshe. Ki tabbata gwangwanin da za ki zuba haɗin a ciki a bushe yake ƙarau. Lokacin sanyi ki ɗan rage kaki don ya shafu, in kuma za ki aika wa 'yar uwa a Abuja cikin zafin Maris, ki ƙara rabin cokali. Kafin ki kai leɓe, ki shafa kaɗan a cikin hannu ki bari ya kwana, domin akwai waɗanda kakin zuma ke sa musu ƙaiƙayi.