Siminti ko Efoksi: Wanne Zai Riƙe Duwatsun Tankin Murjani?

Wa'alaikumus salam ƙanina. Siminti ko efoksi ka tambaya, kuma ka ce tankin naka ko ɗigon ruwa bai shiga ba tukuna, duwatsun ma busassu ne. Tunda haka ne, siminti za ka yi aiki da shi. Duka biyun sun ci kuɗina, ɗaya ne kawai ya biya ni.

Bari in fara sallamar efoksi don ba ni da dogon zance a kansa. Yana ƙanƙarewa a cikin ruwa, wannan kam ba a ƙwace masa ba, kuma idan ɗan reshen murjani za ka kafa a ramin dutse yana yi maka aiki. Iyakarsa ke nan. Mutane na ɗaukarsa gam ne, alhali ba ya manne wa dutse yadda ake zato. Ƙulli ne kawai da kake murtsukewa har launukansa biyu su zama ɗaya, ka cusa tsakanin duwatsu, ya bushe da siffar wurin. In bai sami ramukan da zai saƙale ba, wata rana da kansa zai saki. A tankina na farko sanda uku na ƙarar a kan ginin duwatsu guda ɗaya mai siffar baka, ga kuɗin kowace sanda a lokacin ya kusa sayen buhun siminti. Kwana biyu na'urar kumfa, wadda ke fitar da dattin ruwan tanki, tana hauka tana ambaliya har kan tayil, uwargida na bina da tsumma da harara. Bayan wata biyu, cikin dare muka ji ƙwas! Bushiyar teku ce ta bi ta ƙarƙashi ta ture, bakan ya rufta a kan murjanin da na fi ji da shi. Karcen da ya bari a gilashin gaba yana nan har na rabu da tankin.

Shi kuwa siminti, kama dutsen yake yi ya shige cikin ƙofofinsa su zama abu ɗaya. Sai dai in an ce siminti a wannan harka abu biyu ake nufi, kuma cakuɗa su a kai shi ne ke jefa sababbin shiga cikin asara.

Akwai wanda aka yi musamman don tankin ruwan gishiri, mai saurin kamawa. Za ka ji ana ambaton E-Marco-400 na Amurka, wanda ke zuwa da garinsa da ruwan kwaɓinsa, da Reef Cement na kamfanin Nyos na Jamus, da Stone Fix na Aquaforest na ƙasar Foland. Waɗannan cikin mintuna suke fara ƙarfi, musamman a zafin garuruwanmu, saboda haka cokali biyu ko uku za ka riƙa kwaɓawa, ka yi amfani da shi, sannan ka sake kwaɓa wani. Da yake ɗan kaɗan ake sawa a mahaɗa, ba a buƙatar jiƙon makonni, umarnin da ke jikin robar kawai za ka bi. Matsalarsu ɗaya, sai an yo maka odarsu daga waje, ga nauyi, kuɗin jirgi ya kan fi kuɗin kayan ciwo.

Sai kuma simintin buhu na magina, wanda duk muka sani. Shi na yi aiki da shi a tankina na yanzu mai lita 400, shekara huɗu ke nan, kuma shi nake yaba wa.

Lokacin hunturu ne. Na yanka kwali daidai faɗi da tsawon gindin tankin na shimfiɗa a baranda, na zana layi a kewaye na bar tazarar yatsu huɗu daga kowane gefe don maganaɗisun goge gilashi ya sami hanyar wucewa. Kwana uku ina jera duwatsu ina rushewa kafin siffar ta kwanta mini. Da ta kwanta, sai na riƙa ɗiga sufa gulu a mahaɗa ina barbaɗa garin dutsen a kai, nan take yake ƙanƙarewa ya riƙe maka ginin kamar ɗinkin wucin gadi. Daga nan na kwaɓa farin siminti awo ɗaya da yashin murjani awo biyu, da kauri kamar ƙullin ɗanwake, na bi bayan kowace mahaɗa ina cusawa da yatsa, in ɗauko ɓarɓashin dutse in danna a kai don kada ɗinkin ya fito fili.

Ina cikin haka wani dattijon magini da ke aiki a kangon maƙwabcinmu ya shigo roƙon ruwa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Alhaji, wannan wane irin gini ne ba tushe ba rufi?" Na ce masa gidan kifi ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Amma da ya taɓa dutsen sai ya daina dariya, ya ce a bushe na ɗora kwaɓin, dutsen zai shanye ruwan simintin kafin ya yi ƙarfi, iskar hunturu kuma ta ƙarasa sauran. Ya sa na fesa wa duwatsun ruwa kafin in ci gaba, ya je ya ɗauko tsohon buhun algarara ya jiƙa ya lulluɓe ginin, ya ce safe da yamma in riƙa ba shi ruwa yadda ake ba bulo, har mako guda, kuma kada in kuskura in ɗaga. Mahaɗa biyun da na yi kafin zuwansa washegari da farce na ɓantare su. Waɗanda aka yi bisa maganarsa, bara da muka tashi daga gidan hannu biyu na sa na ɗaga bakan gaba ɗaya na saka a baho, ko tsagewa bai yi ba. Yau in ka zo ka duba ba za ka nuna mini inda simintin yake ba, gansakukar nan mai tauri, ruwan hoda da shuɗi-shuɗi, ta rufe komai.

Gaskiyar dattijon ita ce siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwa yake da ruwa a hankali, shi ya sa injiniyoyi ke auna ƙarfinsa a kwana 28. Kuma wannan haɗuwar ce ke haifar da abin da ya sa ba a gaggawa da shi. Tana fitar da sinadari mai kaifi irin na ruwan toka, wanda ke tura pH, wato ma'aunin tsami ko kaifin ruwa, ya haura 12. Tankin murjani kuwa tsakanin 7.8 da 8.4 yake rayuwa, kuma kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne. Abin dariya, wannan sinadarin shi ne dai kalkwasa da wasunmu ke saye da kuɗi suna ɗiga wa tanki da dare don ƙara kalsiyam. Bambancin, can ɗigo-ɗigo ne kai ke iko da shi, nan kuwa dutse ne ke amayo shi ba dare ba rana. In ka saka sabon gini a ruwan gishiri, za ka ga ruwan ya yi fari kamar an zuba madara, kalsiyam da magniziyam ɗin da ka saya da tsada ne ke zubewa ƙasa. In akwai mai rai a ciki kuwa sai dai haƙuri.

Maganinsa jiƙo ne. Bayan makon ban ruwa, ka nutsa ginin a duron roba cike da ruwan famfo ko na burtsatse, ba sai ka ɓata gishirinka ba. Makon farko kullum ka zubar ka sake, daga baya duk bayan kwana biyu ko uku. In da wuta, ka jefa ƙaramin famfo ya riƙa juya ruwan. Za ka ga wani farin ɓawo yana taruwa a saman ruwa, alamar yana fita ke nan. Nawa mako shida ya ɗauka. Mai siminti kaɗan a mahaɗa zai iya gamawa kafin haka, wanda ya zuba da yawa kuma ya wuce wata biyu. Kada ka ƙirga da kalanda, ka ƙirga da ma'auni. Ka zuba sabon ruwa ka auna, ka bar shi kwana uku ba ka taɓa ba, ka sake aunawa. In lambar ta tsaya kusa da inda ka bar ta, to sai gwajin ƙarshe a ruwan gishiri mai nauyin 1.025 a ma'aunin gishirin tanki, na wasu kwanaki, don wani lokaci ya kan sake ɗan ɗagawa. Na san mutum ya ƙagu ya ga kifi na yawo, amma ai ko babu siminti sai ka jira makonni kafin ƙwayoyin halittar da ke cinye ammoniya, gubar da ke fita daga kashin kifi, su zauna a sabon tanki.

Wasu ma dutsen gaba ɗaya suke ƙerawa da siminti. Wata cibiya a jihar Aidaho ta Amurka mai suna GARF ce ta yaɗa dabarar tun shekarun 1990, siminti awo ɗaya da yashin murjani wajen awo biyar, a zuba a ramin da aka tona cikin danshin yashi. Akwai masu haɗawa da dakakken ɓawon kawa irin wanda masu kajin ƙwai ke saye, wasu su ƙara gishiri mai manyan ƙwayoyi don in ya narke ya bar ƙofofi. Na gwada sau ɗaya, ya yi, amma ya fi na asali nauyi kuma jiƙonsa ya gajiyar da ni. Kai da kake da duwatsunka a hannu ba ruwanka da wannan.

Kuskure ɗaya da na ga ya sa wani abokinmu kuka: ya haɗe komai ya zama dunƙule guda, da aka zo sawa ya ƙi wucewa ta tsakanin sandunan gilashin da ke saman tankin. Da guduma aka raba. Ka gina gida biyu ko uku, kowanne wanda za ka iya ɗagawa kai kaɗai. Kuma a kan gilashin gindi za ka fara zaunar da su sannan ka zuba yashi a kewaye, don akwai kifaye da jatan lande masu tona rami, in ginin a kan yashi yake za su kwashe ƙarƙashinsa. In kana son reshe mai tsawo da ya miƙo a sarari, ka huda duwatsun ka zura sandar roba ko siririn bututun ruwa na roba kafin ka sa siminti. Ƙusa, waya, guntun rodi, kada ko ɗaya ya shiga. Ƙarfe tsatsa zai yi, jan ƙarfe kuwa guba ne ga murjani da jatan lande ko da ɗan mitsitsi ne. Ka sa safar hannu ta roba, ni da na yi taurin kai rana ɗaya sai da fatar yatsuna ta saɓule.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka, ka yi hattara da 'yan kasuwa. Farin siminti da ake aunawa a leda shi ne babban tarko. Na taɓa saye a wani shagon kayan gini, mutumin har da rantsuwa, ashe rabinsa garin fi'ofi ne na silin. Shi kuwa a ruwa narkewa yake a hankali. Gwajinsa ba wuya: ka kwaɓa cokali ɗaya a murfin kwalba. In ya ƙanƙare cikin kwata ko rabin awa, washegari kuma farce ya karce shi kamar alli, fi'ofi ne. Simintin magina na gaske sai ya yi awanni kafin ya kama, kuma ruwan kwaɓinsa na tura takardar gwajin pH har ƙarshe. Haka in an miƙo maka gam ɗin tayil ko garin cike tsakanin tayil an ce ai duk ɗaya ne, ka ajiye musu kayansu, yawancinsu akwai maganin hana fumfuna da wasu ƙare-ƙare a ciki. In farin ya gagara samu a rufaffen buhu, ka ɗauki siminti mai launin toka na yau da kullum wanda bai yi dunƙule-dunƙule ba. Mutane da yawa da shi suka yi, launin ma ɓacewa zai yi.

Masu sayar da dutse a intanet su ma sai da lura. Tun da ƙasar Fiji ta sa takunkumi kan fitar da dutse mai rai, wato wanda ake cirowa daga teku da halittunsa a jiki, a ƙarshen 2017, na teku ya yi wuya ya yi tsada, sai wasu suka koma jiƙa mataccen dutse a ruwan gishiri kwana biyu su ɗauki hoto su ce mai rai ne. Na gaske ƙamshin bakin teku yake yi kuma za ka ga ƙananan halittu da launuka a jikinsa. Wasu kuma dutsen kwari, irin wanda ake gini da shi, suke fasawa su kira shi dutsen murjani. Ka ɗiga masa ruwan khal, in bai yi kumfa ba ka bar shi, nauyi kawai zai ƙara maka, ba ƙofofin da ƙwayoyin tace ruwa za su zauna. Jar marmara ma kada ka kusance ta, ƙarfe ne cike da ita.

Da a ce duwatsun naka masu rai ne, ko tankin ya riga ya cika da kifi, da ba zan ce ka taɓa simintin buhu ba, don jiƙon ruwan daɗi zai kashe duk abin da ka biya kuɗi dominsa. A nan ne mai saurin kamawa na oda ke da rana, ka fito da dutsen ka rufa masa jiƙaƙƙen tawul ka yi aikinka da hanzari. Amma kai da komai naka a bushe yake, in aljihu zai ɗauka ka yi odar roba ɗaya ta na musamman ka huta da dogon jira. In ba zai ɗauka ba, ka sayi farin siminti a rufaffen buhu, da sufa gulu mai kauri kamar guda biyar, da duron roba, da takardar gwajin pH. Efoksi sanda ɗaya ta ishe ka, ka jefa a durowa sai ranar da za ka kafa murjaninka na farko. Idan ka jera duwatsun a kan kwali, ka turo mana hoto ta gaba da ta gefe kafin ka kwaɓa komai.