Acarajé ko abará: wanne za ka saya a Salvador?

A titunan Salvador, babban birnin jihar Bahia a Brazil, mata masu fararen kaya suna sayar da abubuwa biyu daga ƙullun wake ɗaya. Bahaushe na gani zai gane su: ƙosai ne da alala, waɗanda bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma suka kawo.

Acarajé shi ne ƙosan, amma da manja ake soya shi, kuma ya kai girman dunƙulen hannu. Ana tsaga shi biyu a zuba vatapá, wani kwaɓin burodi da madarar kwakwa da gyaɗa, sannan miyar kuɓewa da busasshen jatan lande. In mai sayarwa ta tambaye ka "quente", ba zafin wuta take nufi ba, yaji ne, kuma yajin Bahia ba na wasa ba ne.

Abará kuwa turara shi ake yi cikin ganyen ayaba, manjan na cikin ƙullun. Ya fi laushi, bai da nauyi a ciki.

Ni dai acarajé nake zaɓa, muddin yanzu aka tsamo shi daga mai. In ya huce, ka ɗauki abará.