Lensin Nikon L35AF a Bakin Leica M: Inda Aikin Ya Yi Kyau da Inda Ya Gaza

Lensin da nake sharhi a kansa mai milimita 35 ne, f/2.8, wanda aka ciro daga cikin matacciyar Nikon L35AF aka dasa shi a sabon gida na tagulla da alminiyam mai bakin Leica M, wato mahaɗin da lensi ke hawa kyamarorin Leica M da shi. Wani ƙaramin shagon gyaran kyamara a ƙasar waje ne ya yi aikin. Na gwada shi a kan kyamarar Leica M6 da fim, da kuma Leica M Typ 240 ta dijital mai sensa, don ita tana nuna hoto kai tsaye a allo, kuskuren fokas ba ya ɓuya. Gilashin ya cancanci a cece shi, wannan babu tantama. Amma darajar irin wannan aiki tana rataye ne a kan zobe guda, wanda ke tura ma'aunin nisa na kyamara, kuma a nan ne shagon ya ɗan gaza.

L35AF ta fito a 1983, ita ce ƙaramar kyamarar Nikon ta farko mai saita fokas da kanta. A Japan ana ce mata Pikaichi. Koichi Wakamiya ne ya tsara lensinta, gilasai 5 a rukuni 4, bisa tsarin Sonnar, a lokacin da yawancin takwarorinta ke amfani da gilasai 4 irin na Tessar. A cikin kyamararsa ta asali, mai ɗaukar hoto ba shi da ta cewa: lantarki ne ke zaɓar fokas, shi ke zaɓar ƙofar haske (ramin da ke ƙayyade yawan hasken da ke shiga, wanda ake auna buɗinsa da lambobi irin f/2.8), kuma ba ya matsowa ƙasa da santimita 80. Dalilin dasa shi a sabon gida ke nan. Mutum yana so ya riƙe wannan gilashin a f/2.8 ko f/8 yadda ya ga dama, ya ɗora fokas inda idonsa ya zaɓa.

Ciro shi ba wuya, amma akwai haɗari guda da ba a wasa da shi. Kafasitar filashi tana riƙe wuta kusan bolt 300 ko bayan an cire batir, don haka kafin a taɓa komai a sauke ta da rezista, kada a haɗa ƙafafunta da bakin sukundireba. Sukurorin irin na Japan ne, ma'aunin JIS, sukundireban Phillips yana cinye musu kai. In an kai ga gilasan, a fito da su a dunƙule cikin gidansu na asali. Tazarar da ke tsakanin gilashi da gilashi an saita ta tun daga masana'anta, wanda ya warware su ya sake ɗaurawa da ka zai samu tsakiya da kaifi, gefe ɗaya kuma a dushe. Shagon ya kiyaye wannan, kusurwoyi huɗun hoton sun zo daidai da juna.

Abin da ake rasawa nan take shi ne ƙofar haske. A irin waɗannan ƙananan kyamarori fukafukan shata su ne kuma ƙofar haske, suna buɗewa gwargwadon umarnin lantarki su rufe, to da zarar an raba lensi da jikin kyamara sun tashi aiki. Dole a kawo wata ƙofar daga waje. A nawa an saka mai fukafukai da yawa a bayan gilashin ƙarshe, raminta yana zama kusan da'ira a kowace lamba. Ba ta da ƙas-ƙas ɗin da ke tsayar da zobe a kan lamba, kuma lambobin daga f/8 zuwa f/16 sun cunkushe wuri guda, ɗan motsin yatsa sai ka tsallake rabin mataki. Da na auna da mitar haske ta M6, abin da aka rubuta f/11 ya fi kusa da f/13. Ga fim ɗin nagatif wannan ba komai ba ne. Mai ɗaukar silaid ya dogara da mitar kyamara, ya manta da rubutun zoben.

Sai tazarar baki. Daga fuskar bakin Leica M zuwa fim milimita 27.8 ne, na tsohon baki mai tiredi, L39, kuma 28.8. Dole gilasan su zauna yadda in an murɗa zoben fokas zuwa alamar ∞, wato nisa mara iyaka, abin da ke can nesa zai faɗo daidai kan fim. Ana cimma haka da siraran washa na tagulla masu kaurin milimita 0.02, 0.05 da 0.1, ana ƙarawa ana ragewa a bayan gidan gilasan. Kada a raina waɗannan lambobi. A lensin milimita 35, in gilasan suka yi gaba da milimita 0.1 kacal, iyakar nisan da zai kama da kaifi ta dawo wajen mita 12. In 0.05 ne, wajen mita 25. A f/2.8 sassaucin da ake da shi a fuskar fim bai wuce milimita 0.08 gaba ko baya ba. Nan shagon ya yi aiki mai tsabta, eriyar sadarwa da ke nesa ta fito da kaifi a f/2.8, hotuna biyun da ma'aunin nisa ke nunawa cikin tagar leƙe, waɗanda ake haɗawa don saita fokas, kuma sun haɗu cif a daidai inda zoben ya tsaya.

Yanzu ga inda aikin yake da gaske. Tagar leƙen kyamara mai ma'aunin nisa ba ta gani ta cikin lensi. A saman bakinta daga ciki akwai 'yar taya a kan hannu mai sifirin, tana jingine da bakin zoben bayan lensi. In zoben ya yi gaba ta bi shi, motsinta kuma shi ke karkatar da hoto na biyu a tagar leƙe har ya hau kan na farko. Leica ta gina wannan ma'auni a kan motsin lensi mai milimita 51.6, kuma kowane lensi, gajere ko dogo, dole ya tura tayar kamar shi ne wancan. Daga ∞ zuwa mita 1 tayar tana bukatar tafiyar kusan milimita 3, zuwa santimita 70 kuma kusan 4.5. Gilasan milimita 35 kuwa tafiyar 1.3 kawai suke bukata don mita 1, da 1.95 don santimita 70. Tafiya biyu ke nan mabambanta da za su fito daga murɗi guda.

Wannan ne ya sa dabarar da ake yawan gwadawa a gida ba ta aiki, wato a samo tsohon lensin milimita 50 na Tarayyar Sobiyat, a fitar da gilasansa, a cusa na 35 a gidan. Zai hau kyamara, ∞ ma zai iya zama daidai. Amma lokacin da ma'auni ya ce mita 1, gilasan sun riga sun yi tafiyar milimita 3, fokas ɗinsu na gaskiya yana wajen santimita 48. Irin wannan sai dai a goge lambobin a rubuta sababbi, a riƙa ƙiyasta nisa da ido.

Hanyoyin gaskiya biyu ne. Ko dai a yi tiredi biyu masu taku daban, ɗaya na tura gilasai ɗaya na tura zoben taya, wanda ya fi tsada kuma ya fi kauri. Ko kuma a yi tiredi guda, a sassaƙa gangara a bakin zoben baya yadda yayin da yake juyawa gangarar za ta cike ragowar tafiyar, kusan milimita 2.55 a santimita 70. Nawa na biyun ne, shi ya sa ya fito siriri, ko da yake duk gaban lensin yana juyawa tare da fokas, lambobin ƙofar haske su koma gefe ko ƙasa.

Ga yadda na auna, kuma duk wanda ya karɓi irin wannan lensi ya yi haka kafin ya saka fim mai tsada. A kafa kyamara a kan ƙafa uku, a shimfiɗa tef ɗin awo a karkace, a tsayar da kati mai baƙin layi a kan nisan da aka auna daga fuskar fim, ba daga gaban lensi ba. A haɗa hotuna biyun a kan layin, ana zuwa daga ɓangaren nesa sau ɗaya, daga na kusa sau ɗaya, don a kama lakon tiredi in akwai. A kyamarar fim sai a buɗe ƙofar baya, a riƙe shata a buɗe a kan B, a ɗora gilashi mai dushi-dushi a kan layukan ciki da fim ke kwanciya, a duba da madubin ƙara girma. A mita 3 ban ga kuskure ba. A mita 1 kaifin ya faɗa bayan layin da kamar santimita 5, yana bakin iyakar abin da f/2.8 ke yafewa, wato wajen 6. A santimita 70 ya faɗa baya da kusan 4, alhali sassaucin wurin bai kai 3 ba. A hoton fuska wannan na nufin ka saita kan ido, kaifin ya tafi wajen kunne.

Kuskuren da ke ƙaruwa yayin da ake matsowa, alhali ∞ daidai yake, laifin gangara ne. Yana faruwa in an yanka ta bisa lambar da ke rubuce a gaban lensi ba tare da an auna tsawonsa na gaskiya ba. Lensin da aka rubuta wa 35 yana iya zama 36, kuma wannan milimita guda tana kawo bambancin 0.08 a mita 1 da 0.12 a santimita 70. Gyaran gaskiya shi ne a sake yanka gangarar. Akwai kuma sulhu mai sauƙi: a ƙara washa ta 0.05 a bayan gidan gilasan kawai, ba a taɓa zoben taya ba. Kuskuren kusa zai sauko cikin iyaka, ∞ zai dawo wajen mita 25, wanda f/4 ke rufewa sarai. Da wannan sulhun nake amfani da shi, kuma ya wadatar. Duk da haka aiki ne da ya kamata a gama shi a shago kafin a aiko.

Hoton kansa ya biya. A fim, tsakiya tana da kaifi tun daga f/2.8, launi yana da nauyi, abin da ke bayan mutum yana narkewa a hankali ba tare da zobba masu kaifin baki ba. Kusurwoyi suna duhu a f/2.8, duhun da ido ke gani ƙarara a sararin sama ko farin bango, yana raguwa sosai a f/5.6, kaifin gefe kuma yana kammala a f/8. Ni wannan duhun ina son sa a hoton mutane, yana tattara ido zuwa tsakiya. Ga hoton gini ko takarda bai dace ba. In rana na gaba ko a gefe, hoton yana yin hazo, kuma tiredin filta na milimita 46 da L35AF ke da shi ya tafi da tsohon jiki. Sabon gidan bai zo da hula ba, dole a nemo.

A sensa labarin ya ɗan canza. Gilashin baya yana kusa da sensa, haske yana isa gefuna a karkace, sai gefen hoto ya ɗauki ɗan launin shunayya, duhun kusurwa ya ƙaru. A Typ 240 zaɓar bayanin wani lensin 35 na Leica da hannu daga cikin menu yana rage launin sosai. A kyamarori marasa madubi masu kaurin gilashi a kan sensa, in an ɗora shi da adafta, gefuna sun fi jagulewa. Don fim aka yi shi, a fim ya fi kyau.

Kunnen bakin an yanka shi daidai, yana fito da layukan firam na 35 da 135 a M6. M3 ba ta da layin 35, sai da tagar leƙe ta waje. A M5 da Leica CL akwai hannun mitar haske da ke shigowa bayan lensi, to a auna yadda bayan ya nutsa cikin jiki kafin a ɗora. A M6 bai tare mitar ba.

Giris ɗin tiredin mai laushi ne, yana ƙara saki in ana zafi, kuma tunda ƙofar haske tana dab da tiredin, in ya malalo kan fukafukai za su manne. Kada a bar shi cikin mota a rana. Ƙurar hunturu ma tana samun hanya ta ramin da sandar ƙofar haske ke bi, don haka murfin gaba da na baya su zauna a kai duk lokacin da ba a aiki.

Batun kuɗi, aikin da na aikawa da dawowa sun kusa kai farashin Voigtländer Color-Skopar 35 f/2.5 na hannu, wanda ya zo da fokas daidai, da ƙas-ƙas, da tiredin filta. Mai neman lensin 35 na yau da kullum ya sayi wancan. Wasu kamfanonin ma sun fitar da lensin ƙananan kyamarorinsu a bakin L39 da kansu: Ricoh da GR 28 f/2.8, Minolta da G-Rokkor 28 f/3.5 na TC-1, Rollei da Sonnar 40 f/2.8, kuma duk suna hawa M da zoben adafta mai kaurin milimita 1. Na L35AF bai samu wannan gatan ba, dasa shi a sabon gida ne kaɗai hanyarsa. A Japan, Sadayasu Miyazaki na MS Optics ya yi suna a irin wannan aiki. Roƙona ɗaya, a yi shi da kyamarar da ta riga ta mutu, don mai rai ba a sake ƙera irinta.

Wanda zai ba da aikin ya tambayi shagon tun kafin ya biya: za su auna tsawon lensin na gaskiya kafin su yanka gangara, kuma a nisa nawa suke gwada fokas? In amsar ∞ kaɗai ce, a nemi su ƙara mita 1 da santimita 70 a f/2.8, su aiko da hoton tef ɗin awon kafin su rufe kwali.