Hattara da mai sayar da pelet ɗin jabu ga masu ƙaramar bindigar iska

Jama'a masu harbin mita 10 da ƙaramar bindigar iska, don Allah ku kula, akwai wani da ke yawo a intanet yana tallar pelet, wato ƙananan harsasan dalma da ake harbawa da bindigar iska, wai nasa an riga an gwada su, ko wace bindiga ka zuba su sai sun bi rami ɗaya. Wallahi daga wannan maganar kaɗai ya isa mutum ya gane ɗan damfara ne, domin babu pelet ɗin da ke dacewa da ko wane bututu. Bindiga biyu kamfani ɗaya samfuri ɗaya, wannan ta so pelet mai faɗin kai 4.49mm, waccan sai 4.50, shi ya sa ma kamfanoni ke fitar da girman kai daban-daban tun daga 4.48 har 4.51 duk da cewa dukkansu 4.5mm ake ce musu. Masu gasa na gaske ɗaure bindigar suke yi ta yadda ba za ta motsa ba, su yi ta harba rukuni-rukuni, wato pelet ɗin da kamfani ya ƙera a zubi ɗaya, har su ga wanda ya fi tattaruwa wuri guda sannan su sayi wannan rukunin da yawa. To shi wane bututu ya gwada, naka da bai taɓa gani ba?

Abin da yake yi shi ne ya tara tsofaffin gwangwanayen sanannun pelet irin su RWS R10 da H&N Finale Match da JSB, ya cika su da tarkacen masu araha ya maida murfi ya liƙe. Kamfanonin ba ruwansu, sunansu kawai yake ci da shi. Wani abokin harbinmu ya karɓi nasa, da aka zazzage a kan farin ƙyalle sai ga siket ɗin wasu, wato buɗaɗɗen gindin pelet da iska ke turawa, a lanƙwashe, wasu sun yi farin gari irin na dalmar da ta daɗe a ajiye, ga ɓurɓushin dalma a gindin gwangwani, har da masu zagayayyen kai a ciki alhali na harbin takarda kansa a baje yake don ya yanke rami tsaf a iya ƙirga maki. Aka ɗora a sikeli, nauyi kowa da nasa, kai ka ce tsintar su aka yi. Da'irar maki 10 fa faɗinta 11.5mm ne kacal, siket ɗaya ya lotsa iska ta zurare ta gefe shi ke nan ka bar ta, kai kuma kana can kana zargin hannunka.

Kafin ka tura ko sisi ka ce ya ɗauko maka hoton takardar da ke ɗauke da lambar rukuni da girman kai, sannan ka duba tef ɗin da ya zagaye murfin ko an taɓa ɓare shi. Idan ya fara kame-kame ko ya ce ai masu tsini sun fi saiti, rabu da shi, tsini ba ya ƙara saiti a takarda. Gwangwani ɗaya za ka fara saya a wurin dillalin da aka sani, 500 ne a ciki sun ishe ka gwaji.

Kuma fa kuɗi yake karɓa kafin kaya, kana yin ƙorafi zai toshe ka ya canza sunan shafin, don haka wanda ya riga ya faɗa hannunsa ya adana hoton hirarsu da shaidar biya ya kai rahoto tun shafin bai ɓace ba.