Masu wanke tankin amoniya kafin walda: akwai tsada amma sun san aiki

Ga masu gidan ƙanƙara da ɗakin sanyi da ke ta tambayata kan injiniyoyin da suka wanke mana tsohon tankin amoniya (iskar da injinan sanyi ke aiki da ita) a Sharaɗa, Kano, gaskiya ina ba da shawarar a kira su, duk da ina da ƙorafi.

Abin da ya fi burge ni, ba sa yarda da hanci. Mai waldarmu ya ce ai tankin ya daɗe a ajiye, geji na kan sifili, a bar shi ya ɗana wuta kawai, ogan nasu ya ce wallahi ko ashana ba za a ƙyasta ba. Ya kwance bawul ɗin ƙasa sai ga baƙin man kwampireso yana zubowa yana kumfa, warin ya sa kowa hawaye, ashe man ne ke riƙe amoniyar, da zafin walda ya taɓa shi sai ta taso ta cika tankin, kuma idan ta kai kashi 15 zuwa 28 cikin ɗari a iska tana kamawa da wuta.

Sun fara cire duk fayif ɗin da ke haɗe da tankin suka toshe, suka zura tiyo cikin duro cike da ruwa ragowar iskar ta narke a ciki, sannan suka yi ta hura naitirojin, iskar da ba ta kama wuta, suna saki, suna maimaitawa. Sai bayan nan suka cika shi da ruwa, kuma da bakin sama a buɗe, domin wai ruwa na shanye amoniya da sauri har tanki rufaffe ya iya lotsewa ciki. Ko fitin ɗin tagulla ɗaya ba su yi amfani da shi ba, amoniya na cin sa. Daga ƙarshe fanka, sai na'urar gwajin iska da suka zura sama da ƙasa da lungun tankin, kuma ana waldar ma yaronsu na tsaye yana sake gwadawa.

Bayan walda ogan ya ƙi sa hannu sai da aka gwada tankin da presha ta ruwa. Ya tuna mana da hatsarin Dakar, babban birnin Senegal, a 1992, inda tankin motar amoniya da aka taɓa yi wa gyaran walda ya fashe bayan an cika shi fiye da kima, mutum 129 suka rasu. Allah ya ji ƙansu.

Ƙorafina, kuɗinsu ba wasa ba, kuma silindar naitirojin daban ake biya, ba su faɗa ba sai da aiki ya yi nisa, hakan bai yi min daɗi ba ko kaɗan. Ga rashin cika alkawarin lokaci, a ce da safe sai bayan azahar. Sannan na ga yaronsu ɗaya da takunkumin ƙura na yadi babu tabarau, sai da na yi magana aka ba shi na kirki, alhali amoniya na yi wa ido mummunar illa.

In za ku kira su ku yi ciniki har da naitirojin tun farko, kuma ku sa a rubuce cewa su za su kwashe ruwan duron da man, kar a juye muku a kwata maƙwabta su sha wari.