Lambun Aburi: kada ka tsaya a layin bishiyoyin ƙofa

Ga mai son sanin itatuwan ƙasar Gana, lambun itatuwa na garin Aburi ya cancanci kuɗin mota da na shiga. Daga tashar Madina ta Accra akwai trotro, wato ƙaramar bas ta haya, kai tsaye. Bayan Ayi Mensah hanya takan fara hawa dutse, ta wuce Peduase, kuma tun a nan iska ke sauyawa. An buɗe lambun a watan Maris 1890, faɗinsa eka 160, amma ɓangare kaɗan aka gyara, sauran kurmi ne.

Abin da ke damuna shi ne yawancin mutanenmu na Nima da Madina sukan ƙare ziyararsu a dogon layin bishiyoyin da ke bakin ƙofa. Suna da kyau a hoto, amma baƙi ne, asalinsu yankin Kuba. Na gida suna ciki.

Fara da tsohon rimin da ake cewa shi ya rage daga kurmin asali. Wanda ya saba da rimin Arewa zai yi mamakin gindinsa: saiwoyin sun taso kamar bango, sun fi tsayin mutum, don saiwar itacen kurmi ba ta nutsewa sosai, da faɗi take riƙe shi. Da hunturu yake zubar da ganye ya yi fure, furen kuma da dare yake buɗewa, jemagu ke yi masa barbara. Mai son ganin audugarsa ya bari sai bayan furen.

Wanda ya fi riƙe ni shi ne wani dangin ceɗiya da ya shaƙe kawo. Tsuntsu kan yar da irin a kan reshe, ya tsiro a can sama, ya sako saiwoyi har ƙasa. Suna kauri suna haɗewa, suna matse itacen da ya hau, ganyensa kuma ya tare masa rana. Kawon ya mutu ya ruɓe, yanzu kogo ne, mutum na shiga ya ɗaga kai.

Ɗauki ɗan rakiya, ku shirya kuɗi tun farko. Allunan da Latin suke, shi kuma da harshen Twi ya fi sanin itatuwa, don haka riƙe waɗannan: rimi onyina, kawo papao, goro bese. Zai murza maka ganyen kirfa ka sansana, duk da ita ma daga Asiya ta zo.

Masu maganin gargajiya, don Allah a bar ɓawo. Abincin itace ta ƙarƙashin ɓawo yake bi, in an kewaye gindi da sara, ya mutu.

Je da safe a ranar aiki, don ranakun hutu cike yake da masu shaƙatawa da kiɗa. Da damina, musamman Mayu da Yuni, gansakuka na sa santsi, sai takalmi mai riƙo da lema. Awa uku ta isa. In lokaci ya rage, gonar kokon da Tetteh Quarshie, wanda ake cewa shi ya kawo noman koko Gana, ya dasa a 1879 tana Mampong, gaba kaɗan.